Ranar da Aka Karrama Mai Ɗakin Sumaran

A garin Diffa, inda kogin da muke taƙama da shi kan yi rabin shekara jaki yana ƙetare shi bai jiƙa kofato ba, a nan kawuna ya ga ya dace ya tara kayan jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku. Ɗaki guda ya ware musu, wanda ya fi kowanne kyau a gidan, mai daɓen siminti da taga ta gilashi. Shi da matarsa kuwa suna kwana a ɗakin ƙasa, wanda in damina ta faɗi sai an jera kwanoni ana tarar yoyo. Sumaran yake kiran jirgin, yadda ya ji Faransawa suna faɗi, har unguwa ta ɗauka daga bakinsa. In baƙo ya tambayi gidana, cewa ake ya miƙe har gidan mai sumaran, ƙofar da ke biye ita ce tawa.

Yayan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na girma. Yana saurayi ya bi wani Bature da yake yi wa wanki da guga har ƙasarsu, ya ƙare a wani gari na bakin teku inda sojan ruwa ke da tasha. Can ya cinye shekarun ƙarfinsa a gidan wankin ma'aikatan sumaran. Gara in faɗi tun yanzu, tunda daga baya an yi ta ƙara wa labarin gishiri: Kawu bai taɓa nutsawa ƙarƙashin teku ba. Ko iyo bai iya ba. In kogin namu, Komadugu, ya kawo ruwa muka shiga kwalekwale, shi ne mai runtse ido yana salati har a kai gaɓa. Sau ɗaya wani ya shigar da shi cikin jirgin yana ɗaure a tasha, ya zaga, ya bugi goshinsa da bututu, ya fito yana haki. Wannan shigar ita ta kama shi har tsufa.

Da ya dawo gida da akwatuna, dangi suka taru ana guɗa, an kawo dukiyar Turai. Aka buɗe, sai ga hulunan sojan ruwa masu jan tuntu a tsakiyar kai, ga agogon bango na tagulla da aka ciro daga wani jirgi da aka kwance, ga ƙararrawa, ga wani ma'auni mai allura da ke nuna zurfin ruwa. Akwai guntun bututu mai gilashi wanda shugaban jirgi ke leƙa sama da shi yana can ƙasa. Akwai ƙananan sumaran na ƙarfe da na itace, da hotuna, da bajoji cike da gwangwanin biskit. Mahaifiyata ta ce ranar ta ga kakarmu ta juya fuskarta bango tana share hawaye. Kawu bai lura ba, yana can yana yi wa maza bayanin yadda ake shan iska a ƙarƙashin ruwa.

Cikin hulunan akwai ɗaya da ya sa a akwatin gilashi ita kaɗai. Wani matashin sojan ruwa ne ya kawo masa ita tare da kayan wanki, ya ce zai karɓa in sun dawo. Jirginsu ya fita, bai dawo ba, ba a ga ko mutum ɗaya ba. Duk sauran kayan Kawu kan ce nasa ne. Wannan kuwa cewa yake, "Ajiya ce. Mai ita bai zo ba tukuna."

Burinsa ɗaya ne, kuma ya faɗe shi har na haddace. Kada a raba su. Ya ce in aka raba su, agogo agogo ne kawai, ƙararrawa kuwa ƙarfen da masu sayen gwangwan za su ɗora a sikeli. In suna tare ne suke ba da labari. Ƴaƴansa maza suna Damagaram suna kasuwanci, ba wanda ya taɓa tambayar ko ɗakin yana yoyo, kuma ya san abin da zai faru da kayan kafin a yi sadakar arba'in ɗinsa. Wannan tsoron ya fi na mutuwar kanta damunsa.

Sai dai Kawu mutumin kwarin Komadugu ne na asali, kuma mu nan muna da wata ɗabi'a. In baƙo ya shigo gidanka ya yaba wani abu, ba ka da amsar da ta wuce, "Naka ne." In ba ka faɗi ba, ka zama marowaci har jikokinka. Shi kuma baƙon yana da tasa amsar, wadda kowane yaro ya sani tun kafin ya shiga lakwal, wato makaranta: "Na karɓa, na gode, na bar shi wurinka ajiya." Shi ke nan. Mai gida ya yi kyauta, baƙo ya yi kunya, abin kuma bai motsa daga inda yake ba. Da wannan tsari, rabin mutanen Diffa sun mallaki agogon Kawu. Ni kaina ya ba ni shi tun ina ƴar firamare, kuma ni ce mai goge shi da toka da lemun tsami duk Juma'a.

Da mutanen daji, masu bindigar nan, suka fara ƙetaro kogi, aka kafa dokar ta-ɓaci, gari ya shiga wani hali. Aka hana hawa babur, aka tsayar da motocin tattasai da na bandar kifi, kowa ya koma kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. A irin wannan lokaci ne wani mai dogon baki ya zauna a fadar shayi ya ce shi fa bai yarda da tsohon nan ba, mutum yana da abin leƙa sama daga ƙarƙashin ruwa ga kuma kogi kusa. Magana ta yi ƙafa. Wata safiya ina shirin tafiya asibitin da nake aikin ungozoma, sai ga motocin soji a ƙofar gidan Kawu. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta saki tukunyar kunu.

Wani hafsa matashi ne ya jagorance su. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana dube-dube, ya ce, "Baba, ina jirgin yake?"

Kawu ya ce, "Ɗana, a wane ruwa zan sa shi? Komadugu yanzu ko agwagwa sai ta durƙusa kafin ta jiƙa ciki."

Hafsan ya danne dariya, ya ɗauki bututun ya leƙa, bai ga komai ba sai kazar Iya a tsakar gida. To, kuskuren da ya yi shi ne tambayar yadda abin ke aiki. Kawu ya samu abin da yake so. Sojojin da suka zo bincike suka ƙare a kan tabarma ana zuba musu shayi, suna jin yadda ake cika tankunan jirgi da ruwa in ana son nutsawa, har aka kira azahar. Da za su tafi, hafsan ya tsaya gaban agogo ya ce kai, wannan abu ya yi kyau. Kawu ya ce, "Naka ne." Na zuba wa hafsan ido, don ban san ɗan ina ne ba. Sai ya dafa ƙirji ya ba da amsar da Barbarci tsaf, ashe ɗan Maine ne, nan yankinmu. Agogo ya ƙara mai shi, ya ci gaba da zamansa a bango.

Bayan nan aka kai wa Bosso hari, danginmu na can suka iso a ƙasa, wasu ko takalmi babu. Gida ya cika har zaure. Kawu ya yi ta kai da kawowa, daga ƙarshe ya ciro mabuɗi ya buɗe ɗakin sumaran ya ce mata da yara su kwana a ciki. Wata da watanni suna nan a ƙarƙashin kantocin kayan, yara suna rarrafe, ana shanya tsumma a taga. Mutanen da suka baro duk abin da suka mallaka ne, amma ranar da suka tashi ko baji ɗaya bai ɓata ba. Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya shigo unguwa kuma, tsohon nan da bai iya iyo ba shi ya riƙa shiga ruwa har gwiwa, yana ɗauko kayan a ka yana kaiwa gidan wani aminsa a tudu. Iya ta ce ta tsaya a kan gado tana jira ta ga ko ita ma za a zo a ɗauke ta, sai da aka gama da hotuna.

To, bincike bai ci ɗakin ba, gudun hijira bai ci shi ba, ruwa ma bai ci shi ba.

A shekarun nan Diffa ta cika da fararen motoci masu dogayen eriya. Kowane proje, wato ƙungiyar agaji, yana neman abin da zai kira zaman lafiya ya ɗauki hoto. An yi wasan ƙwallo na zaman lafiya, an yi kokawa ta zaman lafiya, har gasar dafa shinkafa an yi. Da abin yi ya fara ƙarewa, sai wani saurayi ɗan Yamai da ke aiki a wani proje, mai riga mai aljihu barkatai, ya ji labarin tsoho mai sumaran. Ya zo, ya zaga ɗakin yana riƙe baki, yana ɗaukar hoto da waya. Yaro ne mai ladabi, ba na ƙin faɗin gaskiya. Ya ce, "Baba, kai ai ya kamata ƙasa duka ta san ka. Za mu yi maka seremoni, taron karramawa, a ba ka atestasiyo, takardar yabo ke nan, manya su zo su gani da idonsu."

Kawu ba mai son taro ba ne. Abin da ya kama shi shi ne da saurayin ya ce in hukuma ta san da ɗakin, ko bayan ransa ba mai taɓa ko allura a ciki. Na ga idon Kawu ya kawo ruwa. Ya riƙe hannun yaron da hannu biyu yana ta godiya da Barbarci, wushe, wushe, Allah shi yi albarka.

Ana gobe taro aka kawo rumfuna da kujerun roba aka toshe layinmu. Aka rataya wani babban ƙyalle da aka bugo a Damagaram, da hoton Kawu a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ƙaton jirgin dakon kaya mai hayaƙi yana tafiya a bisa ruwa. Mai bugawar ya ga jirgi jirgi ne. Kawu ya daɗe a tsaye yana kallonsa, ya ce ba komi, ai sun yi ƙoƙari.

Sai saurayin proje ya zo da shawarar da ta tayar mini da hankali. Ya ce ɗakin ya yi ƙunci, ba haske, mai kamara ba zai samu yadda yake so ba, a fito da kayan waje a jera a kan tebura a gaban baƙi. Na ce ban yarda ba. A cikin ɗaki mutum biyu ne ko uku, in an ce naka ne, maganar tana mutuwa a nan. A waje kuwa ga jama'a, ga lasifika, ga maroƙi. Ya dube ni da murmushin da masu proje ke yi wa matan gari, ya ce, "Madam, kar ki damu, akwai sekirite." Shi ɓarawo yake tunani.

Na ja Kawu gefe. Na ce, "Kawu, gobe don Allah ka ɗaure bakinka. Wanda ya yaba, ka ce na gode kawai."

Ya dube ni kamar na ce ya fita ba wando. "Ɗiyata, baƙo ya yaba abu a ƙofar gidana in yi shiru? Manya ne za su zo. Manya sun fi mu sanin ya kamata."

Aka ce taro da hantsi, manya suka iso rana ta take tsaka, bayan tsofaffin unguwa sun gama gasuwa a kujerun roba. Babban baƙo wani ne daga Yamai, dogo, cikin farar shadda, ba ɗan yankinmu ba, kuma a ganina mutum ne mai sauƙin kai. Bayansa daraktoci na ofisoshi daban-daban, da wani alhaji ɗan kasuwa wanda ba a taro a Diffa ba shi, da masu riƙe musu jaka. An ɗauko wani maroƙi mai muryar da ba ta bukatar lasifika, aka kuma ba shi lasifikar.

Aka shiga jawabi. Na farko ya ce Kawu ya yi aiki tare da sojan ruwa, wannan gaskiya ne. Na biyu ya ce ya yi shekaru a cikin sumaran. Wanda ya biyo shi ya ce ɗan Diffa ne na farko da ya ga gindin teku da idonsa. Kafin a kai kan babban baƙo, Kawu ya zama shugaban jirgi, ya yi yaƙi, ya ceci Turawa daga halaka. Ina kallonsa yana ɗaga hannu a hankali yana son ya ce shi mai wanki ne, maroƙi ya ɗauka gaisuwa yake yi, ya sa aka yi masa tafi. Aka miƙa masa takardar yabo cikin firam, an rubuta cewa ya adana tarihi domin masu zuwa baya. Ya rungume ta a ƙirji, Iya ta rangaɗa guɗa, ni ma sai da na ji hawaye, ba zan ɓoye ba.

Daga nan aka ce baƙi su taso su ga kayan. Kawu ya shige gaba yana bayani, maroƙi yana biye da shi ya kanga masa lasifika a baki don kowa ya ji. Babban baƙo ya tsaya gaban agogon tagulla, wanda na kwana biyu ina gogewa har yana ɗaukar ido. Ya shafa shi, ya ce, "Kai, Baba, wannan abu ya yi kyau ƙwarai."

"Naka ne, ranka shi daɗe."

Maganar ta fita ta lasifika har bakin titi. Duk ɗan kwarin da ke wurin ya yi shiru yana jiran amsar, yadda ake jiran amin bayan addu'a. Babban baƙo ya buɗe ido, fuskarsa ta cika da murna ta gaskiya. Ya ce, "Haba Baba! Ni? Wallahi na gode, na gode ƙwarai." Ya ɗauki agogon da hannu biyu, ya juya ya miƙa wa mai riƙe masa jaka.

Shi bai sani ba. Har yau ban riƙe shi da wannan ba. Amma a wurin nan akwai mutum sama da ɗari da suka sani, kuma cikinsu ba wanda ya matsa ya raɗa masa a kunne. Maroƙi ne ya cike shirun. "Jama'a kun gani! Kun ji da kunnenku! Tsohon teku ya yi kyauta irin ta sarakai!" Mai ganga ya saki kiɗa. Kawu ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya matsa tebur na gaba.

Wanda ke biye wani darakta ne ɗan Shetimari, nan yankinmu. Na san shi, na san uwarsa, tare suke shanya tattasai da mahaifiyata. Ya sha shiga ɗakin nan, an sha ba shi ƙararrawar nan yana barin ta ajiya. Ya dubi ƙararrawar, ya dube ni, ya kawar da kai. Ya ce, "Baba, wannan ƙararrawa kullum tana burge ni." Kawu ya faɗi abin da zai faɗi. Darakta ya ce ya gode, ya ɗauka.

Daga nan kuma sai abin ya zama layi. Ban taɓa ganin mutane masu son tarihin teku irin na ranar ba. Wanda bai san ko ana cin sumaran da miya ba ya tsaya gaban ma'aunin zurfi yana girgiza kai yana cewa tabarkalla. Alhaji ɗan kasuwa ya yaba ƙananan jirage har uku a numfashi ɗaya, ya ce saboda jikoki. Wata madam ta yaba hotuna, amma masu firam kaɗai. Kowa ya yaba, Kawu ya amsa, maroƙi ya yi shela, ganga ta tashi. Saurayin proje yana gefe yana ɗaukar hoto baki har kunne, ya ce mini bai taɓa ganin taron da jama'a suka shiga ciki da zuciya ɗaya haka ba.

Na cire mayafina na rufe tebur ɗaya na tsaya a gabansa. Iya kuma ta lallaɓa ta baya tana tura bajoji cikin zanenta kamar mai tsintar gyaɗa. Kawu ya juyo ya kalle mu, kallo ɗaya. Ya ce da ni a hankali, da Barbarci don baƙi kada su ji, "Kada ki kunyata ni a ƙofar gidana." Na janye mayafin. Har direbobi sai da suka samu rabonsu, su da masu gadi suka raba hulunan.

Babban baƙo ya riga ya nufi mota, sai mai kamara ya ce a dawo a yi hoto na ƙarshe da Baba. Da ya dawo ne idonsa ya faɗa kan akwatin gilashi, wanda ya rage shi kaɗai a ƙarshen tebur. Ya ce, "A'a, wannan hula fa? Ta fi sauran kyau. Autana zai yi murna da ita."

Kawu ya buɗe baki. Tun da nake da shi ban taɓa ganin amsar nan ta maƙale masa ba sai ranar. Leɓensa yana motsi, hannunsa yana kan gilashin. Abin da ba kai ke da shi ba, ba ka ce wa baƙo nasa ne. Abin da baƙo ya yaba kuma ba ka hanawa. Ya tsaya tsakanin biyun, tsoho mai shekaru kusan tamanin, rana tana dukansa, ga takardar yabo a hammata. Na yunƙura zan yi magana, maroƙi ya riga ni.

"Tambaya kake, ranka shi daɗe? A gidan nan ba a tambaya! Taka ce!"

Aka buɗe akwatin. Babban baƙo ya cire hularsa ya ɗora waccan a ka, jan tuntun yana lilo, jama'a suka fashe da dariya da tafi. Haka aka ɗauki hoton, shi yana dariya, Kawu a gefensa yana kallon ƙasa.

Da la'asar masu rumfa suka zo suka kwashe kujerunsu. Abin da muka mayar ɗaki bai cika tire ba: bajojin da Iya ta ɓoye, da wasu hotuna marasa firam da suka koɗe. Bututun leƙe ma wani ya ce zai kai shi ofis a adana shi yadda ya kamata. Kawu ya nemi ƙusa da kansa, ya rataye takardar yabon a inda agogo yake.

Na ce masa gobe zan bi su ofis-ofis in karɓo. Ya ce, "Abin da bakina ya bayar, ƙafarki ba ta zuwa karɓo shi." Na ce hular fa, ai bakinka bai bayar ba. Ya ce, "Ban hana ba."

Duk da haka na je wurin ɗan Shetimarin nan, don shi ba zan iya haɗiye nasa ba. Na tarar da ƙararrawar a kan teburinsa, da ita yake kiran masinja ya kawo shayi. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce, "Hajiya, ki gane. Babban baƙo ya karɓa. In ni na tashi na ce na bar nawa ajiya, ai kamar ina koya masa tarbiyya ne a gaban jama'a. Mutuncinsa muka rufa." Na ce to sannunku da rufa mutunci, kun rufa shi har da na direbobi. Ya yi dariya, ya ce ba matsala, in Baba ya aiko da bakinsa yana so, yau ɗin nan za a mayar. Ya san sarai Kawu zai fi son a binne shi da rai.

Rediyon gari kuwa ta yi mako tana maimaita labarin taron, da Hausa da Barbarci da Fulatanci. Ana ta cewa duk mai son ganin tarihin jirgin ƙarƙashin teku ya je unguwa kaza, ƙofa a buɗe take, ba a biyan komai. Kawu ya daina fita zaure. Abinci ma sai Iya ta yi da gaske.

Wata safiya ina gidan sai muka ji sallama da hayaniyar yara. Wata malamar lakwal ce, daga makarantar da aka kafa wa ƴan gudun hijira a bakin babbar hanya, ta ji a rediyo ta kwaso ajinta a ƙasa, sun sha tafiya, ƙafafunsu duk yashi. Na tashi zan ba su haƙuri tun daga zaure. Kawu ya ce in dakata. Ya shiga ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa, ya ɗauko mabuɗi.

Yara suka cika ɗakin suna ɗaga kai. A kan kantocin ba komai sai tabon inda kowane abu ya zauna shekara da shekaru, fentin wurin ya fi na kewaye haske. Kawu ya nuna tabo na farko da sandarsa, ya faɗi abin da ke wurin, da jirgin da aka ciro shi, da yadda yake aiki, da mutumin da ya ba shi. Ya matsa na biyu. Bai tsallake ko ɗaya ba, har yana gargaɗin wani yaro kada ya jingina a nan ya ture abu. Yaran suka yi tsit suna bin sandar da ido. Su ma sun san yadda ake nuna wurin da gida yake a da.

Da ya kai ƙarshen bango, malamar ta yi ta murza hannu, sannan ta ce cikin ladabi, "Baba, bayanin ya yi daɗi ƙwarai. Amma kayan, ina suke?"

Kawu ya jingina sandarsa a bango, ya gyara wuyan rigarsa.

Ya ce, "Ai an karrama ni, ɗiyata."